Hannun Hagun Murna

Tun da aka dawo da Murna daga Jos, Judith ba ta ƙara iya zama wuri ɗaya ba. In tana rumfarta a Kasuwar Jalingo, inda take sayar da doya da gyaɗar da mijinta Rufus yake nomawa a Iware, hankalinta yana gida. In kuma tana gida, a unguwar Sarkin Dawaki, sai ta riƙa leƙa ɗaki tana dawowa, ta ɗora miya ta sa gishiri sau biyu. Masu sayen doya har sun saba. Ana tsakiyar ciniki za ta ciro waya ta kira maƙwabciya, wai a duba mata yarinyar.

Murna ce autarta, kuma ita kaɗai ce mace. Yayyenta maza suna gona tare da babansu. Tana da shekara tara aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarta. Da amai abin ya fara, kowace safiya, sai ciwon kai, sai tafiya da tangaɗi. An daɗe ana ba ta maganin zazzaɓi da na taifot kafin wani likita ya haska idonta da 'yar fitila ya ce a wuce da ita babban asibiti a Jos. Can aka yi mata tiyata ta ƙeya, aka biyo da gashin wurin ƙarin da na'ura har tsawon makonni. Yanzu shekararta sha ɗaya. Likitoci sun ce hoto ya nuna babu saura, a dai riƙa kawo ta ana dubawa. Sumarta ta fito, sai dai ba ta rufe tabon ba.

Matan zumunta na coci sun yi ta waƙar godiya, Fasto ya ce a fito da yarinyar gaban jama'a a ba da shaida. Murna ta tsaya a gaban majami'a, ido ya yi mata yawa, sai ta toshe kunne da hannu ta fita ta ƙofar gefe. Daga ranar ba ta ƙara yarda ta shiga ba, a waje take zagaye har a tashi.

Hannunta na hagu yana rawa, kunnen wannan gefen kuma ba ya ji sosai. Amma ba wannan ne ya fi damun Judith ba. Yarinyar da a da ba ta rufe baki, yanzu sai ta wuni ba ta yi magana goma ba. Ba ta zama. Takan bi katangar gida tana jan yatsa a jikin bulo, ta kai ƙarshe ta juyo, ta sake kaiwa ta sake juyowa. An mayar da ita makaranta, amma sa'o'inta sun yi gaba, aka haɗa ta da ƙananan yara masu roƙon ta bari su taɓa tabon. Kafin zangon ya ƙare ta daina zuwa. Wani lokaci kuka zai zo mata ba dalili, wani lokaci fushi. In an tambaye ta me ya faru, sai ta ce ba komai, ta koma bin katanga.

Wata rana da damina maƙwabciyar ta tafi biki, ba mai tsaron Murna, dole Judith ta tafi da ita kasuwa. Ta shimfiɗa mata buhu a bayan tulin doya ta ce ta zauna. Motar kaya ta iso daga Iware, Judith ta shiga rigima da masu dako kan inda za su sauke. Juyowar da za ta yi, ba kowa a kan buhun.

"Murna," ta kira. Ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta zagaya bayan rumfa.

Aisatu, Bafulatanar da ke sayar da man shanu a rumfar kusa, ta riƙo zanenta, ta kira ta yadda Fulani ke kiran uwa. "Dada Murna, kwantar da hankali. Ta bi can, layin masu gyaran rediyo. Da ƙafarta ta tafi, ba wanda ya ja ta."

Judith ta kutsa cikin mutane da taɓo, silifas ɗinta ɗaya ya tsinke ta bar shi a nan. Tana leƙa shago bayan shago, ko'ina lasifika na tashi, kowa da waƙarsa. Can ƙarshen layin, inda hayaniyar ta ragu, ta ji wani sauti guda ana ta maimaita shi. A ƙofar wani ɗan shago ta ga Murna tsaye gaban wani tsohon piyano irin na coci, mai aiki da lantarki, an ɗora shi kan benci. Da yatsa ɗaya take danna maɓalli ɗaya, ta saki, ta karkato kunnenta na dama, ta sake dannawa. A ciki wani dattijo dogo mai furfura har a gira yana liƙa waya da dalma, bai ma ɗago ba.

"Taki ce?" ya tambaya.

"Tawa ce, Baba. Ka yi haƙuri, ba ta da lafiya ne."

"Ba ta ɓata komai ba. Tun ɗazu take bin maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ta samu wanda ya yi mata, ta ƙi barinsa."

Judith ta kama hannun yarinyar za ta ja ta. Murna ta ƙanƙame bakin bencin.

"Mama, bari."

Judith ta tsaya. Ta kasa tuna ranar ƙarshe da Murna ta nemi wani abu da bakinta.

Sunan dattijon Noah. Ya shekara da shekaru yana kaɗa wa mawaƙan cocinsu piyano, yana koya wa yara, har samari suka kawo manyan lasifika da ganguna irin na zamani, shi kuma ya ce kunnensa ba zai ɗauka ba, ya koma gyara. Ya dubi yarinyar, ya dubi hannun da ke rawa, bai tambayi komai a kai ba. Ya ce in ana so a kawo ta gidansa da yamma, yana da wani piyanon da ya fi wannan lafiya.

Judith ta ce za ta yi tunani. A ranta kuwa ta riga ta ƙi. Kan da aka buɗe aka ɗinke, shi za a kai wurin ƙara?

Ranar Asabar Rufus ya zo daga gona ta gaya masa. Yana wanke ƙafa a bakin rijiya ya saurare ta har ta gama.

"Likita ya ce a hana ta jin kiɗa?"

"Bai ce ba."

"To."

"Baban Murna, kai ba ka nan. Ba ka ganin yadda take."

"Ina gani," ya ce. "Ke ma ina ganinki. Kin rame fiye da ita." Ya zubar da ruwan. "Katangar nan ta ishe ta haka. A gwada."

Haka aka fara. Gidan Baba Noah ba nisa, ɗan ɗaki ne a gaban gida cike da matattun rediyo, piyanon yana bakin taga. Ya fara mata da hannun dama: do, re, mi, ta hau ta sauko. Murna ba ta iya zama a kujerar na dogon lokaci. Ta danna kaɗan sai ta miƙe ta zagaya ɗakin, ta taɓa wannan ta taɓa wancan, ta dawo. Bai hana ta ba. In ta tashi sai ya ci gaba da kaɗawa shi kaɗai, ya tsaya a tsakiyar layi ya bar shi a rataye, har sai ta dawo ta danna sautin da ya rage.

Judith kuwa tana kan wani akwati a gefe, jakarta a cinya, idonta a fuskar yarinyar. In Murna ta ɗan runtse ido sai ta ce, "Kanki na ciwo?" In ta sosa ƙeya sai ta miƙe. A zuwa na uku ko na huɗu Baba Noah ya ɗauke hannu daga piyanon.

"Maman Murna, in kika sake tambayarta, nawa kan ne zai fara ciwo. Ga inuwar mangwaro can a waje."

"Baba, ba ka san abin da muka gani ba."

"Ban sani ba. Amma a ɗakin nan mutum ɗaya ke tambaya, ni ne."

Ta fita ranta a ɓace. Ba ta zauna a inuwar ba. Ta je bakin titi ta dawo, ta sayi masara gasassa ta kasa ci, daga ƙarshe ta zo ta jingina da bango kusa da taga inda ba za su gan ta ba. Nan ya zama wurinta.

A nan ne wata yamma ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Wuta ta ɗauke, piyanon ya mutu, Baba Noah yana neman batir. Murna ta fara ƙwanƙwasa katakon benci da ƙashin yatsa, wani irin bugu mai sauri, ya tsaya, ya sake tashi da wani salo.

"Wannan kiɗan na ina ne?" ya tambaye ta.

"Na injin hoto ne. Wanda ake tura mutum ciki."

"Haka yake yi?"

"Haka. Ana ɗaure kai, a ce kada ka motsa. In ka motsa a sake daga farko." Ta ci gaba da ƙwanƙwasa bencin. "Har yanzu ina jinsa. In na zauna shiru sai ya zo."

Judith ta dafa bango. Sau nawa ta tsaya a wajen ɗakin hoton nan tana addu'a, ba ta taɓa tambayar yadda cikinsa yake ba.

Baba Noah ya sa batir, ya nemi maɓalli mafi kauri a can gefen hagu, ya buga abin da ya ji.

"Ba haka ba," in ji Murna. "Ya fi sauri."

Ya ƙara sauri.

"Yanzu ya yi yawa. Kawo in nuna maka."

Suka daɗe a kai, tana gyara masa yana kuskurewa, har Judith ta fara zargin da gangan yake yi. A hanyar gida Murna ta yi magana tun daga ƙofar Baba Noah har ƙofarsu, duk a kan yadda tsohon ba ya jin gyara.

Watanni suka ɗan tafi haka. Bin katanga bai tsaya ba, amma ya ragu, kuma yanzu in tana bi bakinta yana motsi, tana rera do, re, mi ƙasa-ƙasa. Ranar darasi tun azahar take wanka ta zauna jira, ta tashi, ta leƙa rana, ta dawo.

Sai aka zo kan hannun hagu.

Hannun dama ya riga ya iya waƙoƙin yara biyu-uku. Da Baba Noah ya ce a haɗa da na hagu, sai abu ya ƙi. Yatsun suna isa a makare, ko su danna biyu a wurin ɗaya, ko su yi ta rawa a sama su kasa sauka. Ya rage sauri, ya raba layin gida-gida, duk a banza. Murna ta fara dawowa gida ba magana. Wata yamma Judith tana wurinta a bakin taga ta ji an maimaita wuri ɗaya har ta gaji da ji, sai shiru, sai wata ƙara mai muni. Ta faɗa ɗakin. Murna ta dunƙule hannun hagun tana dukan piyanon da shi, tana kuka ba sauti. Wani farin maɓalli ya karye ya faɗi ƙasa.

"Tashi," Baba Noah ya ce da ƙarfi. "Tashi ki fita. Ba a dukan kayan kiɗa a ɗakina."

Judith ta rungume yarinyar. "Baba, yarinyar da aka fasa wa kai kake yi wa tsawa?"

"Ɗalibata nake yi wa. Ta karya mini kaya. In ta huce ta zo ta ba da haƙuri, mu ci gaba."

"Ba za ta ƙara zuwa ba."

Ba su ƙara zuwa ba. Judith ta gaya wa Rufus, ta gaya wa Aisatu, ta gaya wa duk wanda ya tsaya saurare, cewa tsohon ba shi da tausayi. Murna ta koma katanga, wannan karon ba rerawa. In Judith za ta bi ta layin masu gyaran rediyo sai ta canja hanya.

Ana cikin haka, wata safiya Judith tana shara ta ji kakari a bayan ɗaki. Ta saki tsintsiya. Murna tana durƙushe tana amai, hannu ɗaya a kai.

Judith ba ta san yadda ta ɗaura ɗankwali ba, ba ta san yadda ta tsayar da keke-napep ba. Ta kira Rufus, ta kasa haɗa magana, ta ce masa kawai ya taho. A asibiti aka ɗebi jini aka ce su jira. Ta zaunar da Murna a benci, ita kuma ta shiga kai da komowa a barandar, daga tagar masu ba da kati zuwa ƙofar ɗakin gwaji. Duk abin da ta yi zaton ya wuce ya dawo mata: doguwar hanyar Jos, warin ɗakin jinya, askin da aka yi wa yarinyar tana kallo.

"Mama," Murna ta kira ta. "Zo ki zauna. Kina sa ni jiri."

Ta zauna. Jikin yarinyar da zafi.

"Ya dawo ne?" Murna ta tambaya.

"A'a. Bai dawo ba."

"Ba ki sani ba."

Judith ta riƙo hannun yarinyar. Can ta ce, "Ban sani ba."

Murna ta gyaɗa kai kamar amsar da take jira ke nan. Ta jingina da kafaɗar uwar, tana kallon ƙasa.

"Kullum da safe kina kallon bakina ki ga ko zan yi amai. Har miyau a hankali nake haɗiyewa don kada ki ji. In kaina ya yi ciwo kaɗan ba na faɗa." Ta ɗaga hannun hagun ta dube shi yana rawa. "A wurin Baba Noah ba na tuna kaina. Yatsu kawai nake tunawa. Shi ba ya tsorona."

Hawaye ya zubo wa Judith, ta bar shi, ba ta juya fuska ba kamar yadda ta saba.

Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, mai ƙarfi. Likitar ta haska idon Murna, ta sa ta tafiya a kan layi, ta ce ba ta ga abin tsoro ba, amma tunda ga tarihinta, a matso da ranar hoto. Rufus ya iso a kan babur, taɓo har gwiwa. Bayan zazzaɓin ya sauka suka tafi Jos su uku. Hoton ya fito babu komai. Judith ta yi godiya ga Allah, ta kuma lura cewa ko da aka gaya mata, ƙirjinta bai saki duka ba. Ta fara gane cewa wataƙila ba zai taɓa saki duka ba, kuma ba laifin yarinyar ba ne.

Da suka dawo, ita da kanta ta ce wa Murna ta yi wanka, za su je wurin Baba Noah. Ta zaɓi doya biyu masu kyau ta sa a buhu.

Baba Noah yana ƙofar ɗakinsa yana kwance wata fanka. Murna ta durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri. Na karya maka piyano."

"Na haƙura. Shiga."

Judith ta ajiye doyar. "Baba, ni ma na yi magana da zafi."

"Uwa ce ke," ya ce. "Ni ma na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata. Kuma na matsa wa hannun nan, abin da ba zai iya ba na ce sai ya yi."

Ya riga ya gyara maɓallin. Ya ciro wani daga mataccen piyano ya sa, ya fi sauran ja, kamar haƙorin mai cin goro. Ya zaunar da Murna ya kama hannun hagun ya ɗora yatsa biyu kawai.

"Wannan hannun ba zai yi gudu ba, to ba gudu za mu ba shi ba. Ki danna nan ki riƙe. In na ɗaga kai ki koma nan ki riƙe. Na dama ya yi ta yawonsa."

Ta danna. Sautin ya fito da kauri, yana ɗan karkarwa, amma ya tsaya. Hannun dama ya shigo a kai. Suka kai tsakiya ta ɓata, ta ja tsaki, ta koma farko ba wanda ya ce mata.

Hannun bai warke ba, har yau yana rawa. Fushin ma yana zuwa, wata rana ta ƙi darasin gaba ɗaya. Amma da sabon zango ta yarda ta koma makaranta, rabin wuni. Baba Noah kuma ya haɗa ta da wata ɗalibarsa, Jemima, yarinya mai surutu da murya mai daɗi, wai ɗaya ta kaɗa ɗaya ta rera. Rabin lokacin darasin a musu yake ƙarewa, kowace na cewa ɗayar ce ta yi sauri.

Wata yamma Judith tana rumfa sai ga su su biyu, sun biyo ta kasuwa daga gidan Baba Noah.

"Mama, zan je gidan su Jemima," in ji Murna. "Karyarsu ta haihu."

"Ina ne gidan?"

"Bayan makarantarmu ne, Mama," Jemima ta amsa. "Zan rako ta kafin magariba."

Tambayoyi suka taru a bakin Judith, ko ta sha ruwa, ko rana ba ta yi mata yawa ba, ko akwai babba a gidan. Ta haɗiye su.

"Kada ki taɓa 'ya'yan a gaban uwar," ta ce. "Tana cizo."

Suka tafi. Judith ta gyara tulin doyar da ba ya buƙatar gyara. Ta zauna, ta miƙe. Ta ce wa Aisatu ta duba mata rumfa, ta bi bayansu daga nesa har bakin ƙofar kasuwa. Ta hango su suna jiran keke ya wuce, Jemima ta koma gefen dama na Murna don ta ji ta da kyau, tana ba da wani labari da hannu biyu. Suka tsallaka titi suka shiga lungu.

Judith ta ɗan jima a tsaye, masu kaya suna ture ta. Sannan ta juya ta koma rumfa. Wata mata tana jiranta da kwando, tana tambaya ko doyar ta bana ce.